Tauren Gwaggo Rifkatu

Ranar jajiberin Kirsimetin da ta biyo bayan rasuwar Baffa, mahaifinmu, ina tsakar gidanmu na Rano ina tsince wake, sai na ji adaidaita sahu ya tsaya a ƙofar gida, akuya na ta ɓarka ihu a ciki. Kafin in miƙe, Gwaggo Rifkatu ta yi sallama, tana janye da wani jan taure mai ƙiba.

Gwaggo ƙanwar Baffa ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya tashi a hannun kawunsu a Rano, ya yi karatu har ya zama Malam Sadisu mai makarantar zaure. Ita kuma ta tashi a ƙauyensu da ke bayan Nariya ta wajen Kibiya, ta shiga coci, ta yi aure a can. Zumuncinsu bai taɓa yankewa ba. Duk ranar Kirsimeti da hantsi ɗan acaɓa zai kawo mana babbar langa daga wurinta, shinkafa da miya, nama zuƙu-zuƙu a sama. Shekara ashirin da biyu ba fashi.

Abin da Gwaggo ba ta sani ba, ko loma ɗaya ba a taɓa ci a gidanmu ba. Inna Khadijatu, mahaifiyarmu, ta ce ita ba ta san wanda ya yi yankan ba, kuma ba za ta sa wa 'ya'yanta abin da take kokwanto a ciki ba. Don haka tun da sassafe take dafa tata shinkafar ta ɓoye a ɗaki. Langa na zuwa sai ta miƙo mini, in zagaya bayan rumbu in juye a rami in rufe da ƙasa. A wanke langar tas, a zuba girkin Inna a ciki, a kai wa Baffa zaure. Tun ina 'yar shekara goma sha biyu nake wannan aikin, har bayan na yi aure nakan zo gida musamman saboda shi. Baffa kuwa, Allah ya ji ƙansa, idan yana duba littafi ko dusa ka dama masa zai shanye ya sa albarka. Yakan cinye ya ce, "Allah ya yi wa Rifkatu albarka." Mu kuma mu amsa da amin, ba ko kunya.

Inna ta shimfiɗa wa Gwaggo tabarma, aka gaisa, aka sake yi wa juna gaisuwar rashi. Gwaggo ta sha ruwa, sannan ta nuna tauren da ta ɗaure a jikin turmi.

"Hajiya, bana dai ga shi na kawo da kaina. Tunda Yaya ba ya nan, na ce ko Muntari zai karɓi aikin ubansa."

Muntari yayana ne, shi ke riƙe da makarantar yanzu.

Inna ta ce, "Wane aiki?"

"Yankan mana."

"Wane yanka, Rifkatu?"

Gwaggo ta dube ta, ta dube ni, ta yi 'yar dariya kamar wadda ake tsokana. "Haba Hajiya. Ai duk jajiberi Yaya ne ke zuwa ya yanka mini. Tun shekarar farko ya ce in ina so iyalinsa su ci hankali kwance, kada kowa ya sa wa dabbar wuƙa sai shi. Ko maigidana bai isa ya taɓa ba. Da wuƙarsa yake zuwa, a naɗe cikin tsumma."

Faifan waken ya suɓuce daga hannuna. Ban ma sunkuya na kwashe ba. Duk jajiberi Baffa kan hau babur da safe ya ce za shi duba shanunsa a rugar Fulani ta wajen Kibiya. Ni da hannuna na sha ɗaure masa wannan tsumman a bayan babur, ban taɓa tambayar me ke ciki ba.

Da kyar Inna ta ce, "Malam? Malam ne ke yankawa?"

"Au, bai gaya miki ba?" Gwaggo ta girgiza kai. "Ya dai ce kada in yi ta yayatawa, wai iyayen yara za su ce malamin 'ya'yansu yana hidimar Kirsimeti. Amma ban zaci har ke ya ɓoye wa ba. Yaya ke nan." Ta gyara zama, fuskarta ta saki. "Kin san ko hanta ba ya yarda in gasa masa? In ce Yaya tsaya ka ɗanɗana, ya ce a'a, sai gobe a gida, shi da 'ya'yansa, su san hannun gwaggonsu. In ya dawo wata shekarar sai ya yi ta zolayata, wai Rifkatu miyarki sak ta Khadijatu, ko satar hannu kika yi?"

Nan ne kuka ya ƙwace mini. Na so in danne, ya ƙi. Haushin Baffa nake ji da ya yi shiru, haushin Inna nake ji, amma na fi jin haushin kaina, don ni na san zurfin ramin nan.

Gwaggo ta tsaya tana kallona. Ita ba yarinya ba ce, ta ga wannan ba kukan maraici ba ne. Ta juya ga Inna, ta tarar ta kafa ido a ƙasa.

"Bara'atu," Gwaggo ta ce a hankali, "wa yake cin abincina?"

Na dubi Inna ko za ta cece ni. Ba ta ɗago ba.

"Ba kowa, Gwaggo."

"Ba kowa kamar yaya?"

Na gaya mata. Ramin, da wanke langar, da girkin da ake sauyawa, ban rage komai ba. Ina magana tana gyaɗa kai kamar ana ba ta labarin wasu mutane can daban. Da na gama ta juya tana kallon tauren da ke ta cin waken da ya zube.

Muntari ya shigo daga zaure, ya gan mu a haka ya tsaya turus. Inna ta yi wuf ta ce, "Muntari, ɗauko wuƙar Malam. Yanzun nan za a yanka, a dafa a nan, ni zan fara ci." Ta matsa ta kama hannun Gwaggo. "Rifkatu, don girman Allah ki yafe mini. Wallahi ban sani ba."

"Da kin tambaye ni, Hajiya. Sau ɗaya tak." Gwaggo ta zare hannunta ba tare da faɗa ba. "Naman na yafe. Abin da kuka binne ma na yafe. Amma ni duk shekara tun asuba nake tashi, ina daka yaji ina cewa yau Yaya zai ci girkina. Ashe har ya koma ga Allah bai san hannuna ba. Wannan ban san yadda zan yi da shi ba."

Ta miƙe ta kwance tauren daga turmi. Muntari ya ce, "Gwaggo, ki tsaya mana," ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana," ta wuce shi. Muka bi ta har ƙofar gida, Inna ko takalmi babu. Mai adaidaita ya taya ta cusa tauren a ciki, suka kama hanyar Kibiya.

Washegari Inna ba ta hura wuta ba. Ta zauna a bakin zaure tun hantsi, duk babur ɗin da ya tunkaro sai ta ɗaga kai. Har aka kira la'asar ba wanda ya tsaya a ƙofarmu.