Amanar Safia a Fairfax

Tun ranar da aka ce wa Aissa bizar Amurka ba ta samu ba, maƙwabtanta na unguwar Aziziyya a Jidda suka shiga uku da mitarta. Autarta Safia na can da tsohon ciki, a wani wuri wai shi Fairfax kusa da Washington, inda mijinta Abduljalil ke aiki. Haihuwar fari, ba uwa a kusa! Wa zai dafa mata ruwan wankan jego? Wa zai karɓi jariri ta ɗan runtsa? Aissa 'yar Damagaram ce, ta fi shekara talatin tana suyar masa a Jidda, amma ba ta taɓa jin rashin gata irin wannan ba. Tsoro take ji, kuma ba ta ɓoye wa kowa ba.

Kullum bayan la'asar, lokacin da hantsi ke yi a can, sai ta kira su ta bidiyo, ta jingina waya da butar shayi ta tsare surukin nata da tambaya, tana kallon gefe don kunya.

"Bon, to, shi garin naku, mutum nawa ne a ciki?"

"Mama, ai ba gari ɗaya ba ne, gunduma ce," in ji Abduljalil. "Unguwanni ne da ƙananan garuruwa birjik. Mutane sun haura miliyan. Ga itatuwa ko'ina, ga kogin Potomac a iyakarmu."

"Kogin ne zai goya mata ɗa?"

Shi kuma bawan Allah, akwai son ba da tarihi. Ya ce da can gonakin taba ne, bayin da aka kwaso daga Afirka suka nome su. Daga baya wurin ya koma na masu shanun madara. Bayan babban yaƙin duniya sai ma'aikatan gwamnati suka yi ta tuɗaɗowa, aka yanka gonakin aka yi gidaje.

Nan Aissa ta gyara zama. "Masu shanun fa? Duk sun ƙare?"

Safia ta leƙo cikin wayar. "Ummi, akwai tsohuwar da ke kusa da mu, Loretta. An ce duk layinmu gonar babanta ce. Amma ɗaga hannu kawai ke haɗa mu."

"La ilaha illallahu! Shekara biyu kuna kwana a filin ubanta, ko kwanon abinci ba ki taɓa kai mata ba? Ni na raine ki kuwa? Yalla, tashi ki kai ni wurinta."

"Wallah ya Ummi, nan ba a buga wa mutum ƙofa haka kawai. Aib ne, abin kunya!"

"Halas, shi ke nan, na gama magana."

A sanin Aissa, babu unguwar da ba ta da uwa, kuma wadda ta riga kowa zama ita ce uwar. Ta shiga ɗaki ta yafa mayafinta na zuwa biki, har da fesa turare, don ganawar waya kawai!

Safia ta fito tana jan ƙafa, ta ɗaga wayar gabanta. A karon farko Aissa ta ga layin. Gidaje fes, kowanne can nesa da ɗan'uwansa, ciyawa a aske, motoci a jere. Ba mai talla, ba mai zaman ƙofar gida, ko kaza babu.

Wata siririyar tsohuwa mai furfura da tabarau ta buɗe ƙofa. Aissa ta shiga jero gaisuwa, ya gida, ya gajiya, ya ƙarfin jiki, Safia na juyawa zuwa Turanci kamar ta nutse.

"To, faɗa mata," in ji Aissa. "Wannan autata ce. Na so zuwa, Allah bai yi ba. Ita ce babba a wurin nan, don haka na ba ta amanarki, ke da abin da ke cikinki. In kin yi ba daidai ba ta tsawata miki. Kar ki rage min magana, ina kallon bakinki!"

Safia ta faɗa duka. Sai tsohuwar ta cire tabarau ta goge ido, ta yi magana a hankali.

"Ta ce 'ya'ya huɗu ta haifa a gidan nan, duk sun yi nisa," in ji Safia. "Ta ce ta manta ranar ƙarshe da wani ya nemi wani abu a wurinta."

Kafin Aissa ta amsa, tsohuwar ta dubi Safia sama da ƙasa, ta haɗe rai, ta kama hannunta ta ja ta ciki tana zuba magana ba ko numfashi. Aissa ba ta jin Turanci ko kalma ɗaya, amma wannan muryar ta san ta sarai.

"Me take cewa?"

"Faɗa take min, Ummi! Wai na fito da silifa ba rigar sanyi, da ciki haka."

"Alhamdulillahi," in ji Aissa, hawaye na bin kumatunta. "Ce mata ta ƙara miki."