Layi Arba'in na Anti Nas

Dogo yana cikin jera kujeru a ɗakin karatun da 'yan ƙungiyarsu ta masu rubuta manhajar kwamfuta suke haɗuwa duk Asabar, sai ga Anti Nas da kwamfutarta a hammata, ta ce tana son ganinsa minti biyu.

Shi ne ke riƙe da manhajar da suka rubuta kyauta don ƙananan asibitoci su riƙa tsara layin marasa lafiya. Kowa na iya buɗe ta ya yi gyara, amma gyaran ba ya shiga sai Dogo ya duba ya amince. Anti Nas kuwa shekara goma sha shida ta yi tana aikin jinya kafin ciwon baya ya zaunar da ita, ta koyi rubuta manhaja da girmanta. Ita ta gano abin da ke sa manhajar jefa masu juna biyu can ƙarshen layi, ta yi sati uku cur tana fama kafin ta gyara shi.

Suka matsa bakin taga. Ta ce jiya ta je ganawar neman aiki a wani kamfani, ta faɗa musu da bakinta cewa gyaran nan nata ne. Sai mai tambayoyin ya buɗe tarihin manhajar, inda kowane layin rubutunta ke ɗauke da sunan wanda ya rubuta shi, ya juyo mata da fuskar kwamfutar.

"Sunanka ne a kai, ƙanena," in ji ta. "Duk layi arba'in ɗin."

Kunya ta rufe Dogo har ya rasa inda zai sa idonsa. Ya tuna sarai. Ranar yana sauri, maimakon ya shigar da aikinta yadda ta turo, sai ya kwafe shi ya cakuɗa da nasa tarkacen, ya tura gaba ɗaya da take "ƙananan gyare-gyare". Wallahi ƙiwa ce, ba sata ba. To amma da aka yi ta yabonsa a zauren hirarsu na intanet, ai bai musa ba, har godiya ya yi. Wannan kam ba ƙiwa ba ce, kuma ya sani.

Ya tambaye ta me ta ce musu. Ta ce me kuwa za ta ce? Ta tattara takardunta ta yi sallama. Abin da ya fi cin ranta, mutumin ko fushi bai yi ba, murmushin tausayi ya yi mata, irin wanda ake yi wa babba idan an kama shi da ƙarya.

Dogo ya karɓi lambar mutumin, ya fita baranda ya kira. Ya yi masa bayanin komai. Mutumin ya saurara, ya yaba masa da gaskiyarsa, sannan ya ce ai tun jiya da yamma suka ɗauki wani.

Da aka cika, Dogo ya miƙe gaban mutum ashirin da wani abu ya faɗi abin da ya yi, bai rage komai ba. Goge tarihin ba zai yiwu ba, don zai lalata kwafin da ke hannun kowa, saboda haka ya rubuta gyaran magana a shafin farko na manhajar, ya sa sunanta. Babu wanda ya zage shi, shi kuwa da zagin ya fi masa sauƙi. Anti Nas ta gyaɗa kai, ta ce ya wuce.

Aka rabu rukuni-rukuni kamar kullum. Ta ja kujera kusa da wani malamin lissafi da ya fara zuwa ranar, tana nuna masa yadda ake tura gyara, a hankali, da haƙurin nan nata. Dogo ya zo wucewa ta bayansu da tiren shayi daidai lokacin da malamin zai danna maɓallin turawa.

"Tsaya tukuna," in ji ta, da murya ƙasa-ƙasa. "Fara ɗaukar hoton gyaran da wayarka, sunanka ya fito sosai. Sannan ka tura."