Almakashin Alhaji Haliru

Tsakanin Wurogauri da kasuwar Gwandu, igiya bakwai ake gitta wa Sirajo duk ranar da ya ɗauro kwandon banda a bayan babur. Kowace igiya da mai riƙonta. Wani ya yago masa tikiti, wani ko tikitin babu, sai dai ya tura hannu a kwando ya zaɓi tarwaɗa biyu masu tsoka. Shekara shida da gama sakandarensa, iyakar abin da Sirajo ya taɓa gani na hukuma ke nan.

Sai ga Alhaji Haliru, dillalin shinkafa, ya fito takarar shugabancin ƙaramar hukumar Kalgo. Bai yi alkawarin asibiti ba, bai yi na rijiya ba. Ƙaton almakashin tela yake yawo da shi. A kowane taro mutanensa su miƙe igiya, ya datse ta, matasa su ɗauki kuwwa: “A ƙyale mu!” Ya ce talaka ba taimako yake nema ba, a cire masa hannu daga aljihu ya isa. Masu takalma sau-ciki suka yi ta dariya, wai yaran ƙauye ba su san mene ne mulki ba. Ko ɗayansu ba a taɓa tare shi da igiya ba.

Abincin Sirajo na shekara yana cikin tafkin bayan gari. Kawunsa Sambo shi ne Sarkin Ruwa. Da ruwan damina ya janye, sai ya kafa gora mai jan ƙyalle a tsakiyar tafkin. Muddin ƙyallen na nan, ba mai jefa homar kamun kifi, ba mai saka injin ban-ruwa. Sai kifi ya girma, da bazara, a cire ƙyallen a yi su, wato kamun kifi na gayya.

“Kawu, ƙyallen ga naka ma ai igiya ne,” in ji Sirajo wata rana suna ɗinkin homa.

“Awo? Kifi nawa ni taɓa ɗauka a kwandonka, ɗan nema?”

“Ba ka ɗauka ba. Amma wa ya ba ka ikon hana ni ruwan Allah?”

“Kakanninka sunka ba ni. Tafi ka tambaye su.”

Alhaji Haliru ya ci zaɓe. Ranar murna, matasa suka nufi tafki da ganguna. Sirajo ya ari almakashin ƙanwarsa Mufida, ya kama shi da haƙora, ya yi iyo har tsakiya ya datse ƙyallen. Aka tuge gorar, aka jefar ƙofar gidan Sambo.

Mako biyu aka yi ana shagali. Wasu ma da gidan sauro suka shiga, suka kwashe har ƴaƴan kifin da ba su kai ɗan yatsa ba, aka soya aka ci da yaji. A mako na uku ƙanen Alhaji ya iso da injin ban-ruwa shida, ya jera su a bakin tafkin, ya ja bututu zuwa gonar shinkafarsa. Ba ƙyalle, ba mai ce masa don me.

Da ruwa ya koma iya gwiwa, Sirajo ya tafi Kalgo. Ya sami Alhaji a ƙofar gida, almakashin yana rataye a bango cikin gilashi.

“Ranka ya daɗe, tafkinmu ya kusa ƙafewa. A sa baki.”

“Wa ya hana ka kamun kifi?”

“Babu.”

“To, ƙanena wa za ya hana? Kun ce a ƙyale ku, na ƙyale ku. Ka sayi injinka ka ja naka ruwan, wallahi ba mai taɓa ka.” Ya juya ga fadawansa yana murmushi. “Ku ji yaro, yana son in mayar da igiya.”

Ba ƙarya ya yi ba kuma. Igiyoyin hanyar Gwandu sun ragu daga bakwai zuwa uku. Sirajo ya ƙirga su da idonsa ranar da ya wuce da kwando wayam, ba wanda ya ko ɗaga kai ya dube shi.

Da ya koma gida, ya sami Sambo a zaure, ya durƙusa.

“Kawu, a mayar da ƙyallen.”

“Mi za ya tsare yanzu, kwaɗi?”

Tsohon ya daɗe yana duban Sirajo, sa’an nan ya jawo gorar daga bayan ƙofa, ya yagi bakin tsohon rawaninsa ya ɗaura, tunda jan ƙyallen an tafi da shi a matsayin tutar murna.

“Kai ka cire. Kai za ka kafa.”

Sirajo ya saɓa gorar. Ya taka har tsakiyar tafkin ba tare da ya naɗe wando ba, ya soka ta cikin laka. Masu gadin injin suka dube shi, ɗayansu ya ɗaga masa hannu, sa’an nan ya sunkuya ya ƙara wa injin mai.