Yardar Masu Wankin Ƙoda

Duk majinyatan ɗakin wankin ƙoda sun yarda su shiga gwajin sabon maganin, ko mutum ɗaya bai ce a'a ba. Farfesa baki har kunne, yana cewa irin wannan farin jini sai ɗalibarsa, Likita mai binciken. Ita kuwa abin ya tsaya mata a rai. Mutanen da kullum suke rigima a kan fanka da tashar talabijin, yaushe bakinsu ya zo ɗaya?

Wata tsohuwar tela ce ta buɗe mata ido. Jijiyoyin hannunta sun gaji da allura, ko sirinji ta gani sai ta kau da kai, amma ga ta ta miƙo hannu a ɗebi jinin gwaji. Likita ta tambaye ta ko da gaske tana so. Tsohuwar ta dubi injin da ke gurnani a gefenta, ta ce ai mai raba wa mutane ranar hawa inji ba a ce masa a'a.

Kunya ta rufe Likita, haushin kanta ya biyo baya. Ita ke tsara layin inji, ita kuma ke neman yardarsu. Ashe tsoro ta tattara ta sa masa suna amincewa.

Ta sami Farfesa ta ce za a sake tambayar kowa, kuma wata ma'aikaciya daga wani sashe ce za ta yi, wadda ba ruwanta da layi. Ya ce in mutane suka zame binciken ya rushe, digirinta ya bi ruwa. Ta ce ta sani. Ya yi faɗa har ya gaji, ba ta motsa ba.

Suka zame kuwa, fiye da rabi. Waɗanda suka tsaya sai da suka fito da tambayoyin da suka daɗe suna haɗiyewa.

Tsohuwar ta ƙi tafiya gida. Ta tsaya bakin ofis rungume da jakarta.

"'Yata, na ce ba na so. To jibi in zo, ko an ba wani gurbina?"

"Ki zo, Iya. Gurbinki na nan, ko sau nawa kika ce a'a."

Tsohuwar ta daɗe tana kallonta, sannan ta zauna a benci ta fashe da kuka. Jibin kuwa Likita da hannunta ta jona ta a inji, sannan ta wuce ofishin Farfesa ta gaya masa bana ba za ta kammala ba.