Rabin Bututun da Ban Goge Ba

Ranar da bututun tukunyar tururi ya fashe a tashar wutarmu, ko hucewa bai yi ba aka fara nemana. Ni na yi waldar wurin wata uku da suka wuce.

"Gaggawa," in ji foman, da yake haka suke kirana, "in bincike ya nuna ɗinkinka ne ya saki, ka ajiye hular walda ka kama gabanka."

"Ba komai, ranka ya daɗe. A kai ɗakin gwaji."

Na san hannuna. Zama ne ban iya ba, amma walda na iya.

Muka yanko wurin da ya fashe, ya rabu gida biyu. Kawuna, wanda ya koya mini sana'ar, ya sa buroshin waya ya goge rabi ɗaya fes, sai ƙyalli yake kamar sabon cokali.

"Goge naka," ya ce. "Shekara talatin ban taɓa miƙa wa injiniya ƙarfe da tsatsa ba."

"Anjima, Kawu."

Na naɗe nawa rabin a tsumma, na jefa jaka, na tafi wani aikin.

A ɗakin gwaji, injiniyar ta juya rabin Kawu a hannunta, ta dube shi ta saman tabarau.

"Baba, ai ka toshe wa shaida baki. Fuskar karaya ce ke faɗin inda tsagewa ta fara da inda ta bi. Wannan yanzu bebe ne."

"To, ba mai wanke yaro ke nan," in ji foman.

Kawu ya sunkuyar da kai.

Na kwance tsumman a kan tebur. Ƙarfen baƙi ƙirin, bakinsa duk kaushi.

"Wa ya taɓa wannan?" ta tambaya.

"Ba kowa. Ban samu zama ba."

"Allah ya ƙara hana ka zama."

Bayan kwana biyu ta kira mu. Ta yanki ƙarfen, ta sa shi ƙarƙashin madubin ƙara girma, ta ce foman ya leƙa. A cikin bututun akwai ɓawo mai kauri, kamar ƙanzo a gindin tukunya. Dattin ruwa ne ya taru, ta ce, ya hana ruwan sanyaya ƙarfen. Ƙarfen ya daɗe yana gasuwa, ya kumbura, ya tsage.

"Tsagewar ta fara yatsa uku nesa da walda. Ɗinkin kuwa yana nan daram. Ku duba ruwanku, ku auna sauran bututun, kafin su bi sahu."

Foman ya yi gyaran murya.

"Gaggawa, sabon bututu na jiranka."

A ƙofa Kawu ya ja ni gefe.

"Kai, ɗan nan, yau ƙyuya ta yi rana. Kada ka saba."

"Kawu, ara mini buroshinka."

"Za ka yi me da shi?"

"Ɓoyewa zan yi."

Ya kai mini duka da safar hannu, na goce, na ɗauki hulata.