Babi Na Casa'in Da Uku

Shekara tara marigayi Malam Jafaru ya yi yana auren dawa da dawa a gonar gwajinmu ta Samaru, yana neman irin da wuta-wuta ba za ta kashe ba. Ni Gregory, ni ne mai riƙe masa alƙalami da ma'auni. Ya rasu a 2003, ya bar mini iri cikin kwano ɗaya. Da daminar 2004 na shuka shi duka a kunya goma sha biyu. Duka fa! Wannan wautar tawa ce, ban ɗora wa kowa ba.

Abin tsoronmu shi ne jan-baki. Tsuntsun nan in ya sauka gona, kafin ka ɗaura takalmi ya gama. Saboda haka ofis ya yi odar harsashin korar tsuntsu daga waje, wanda ba ya da dalma, sai ƙara da hayaƙi. Kaya suka sauka Kano, aka tura ni Sabon Gari wurin Amaechi, ejan ɗin da ke fitar mana da kaya daga kwastan.

Amaechi ya jawo littafin haraji mai kauri kamar bulo, ya lashi yatsa ya buɗe.

"Oga Greg, duba nan. In na sa shi layin kayan noma, jibi yana hannunka. In na sa shi babi na casa'in da uku, babin makamai, ya zama harsashi. Sai izinin 'yan sanda, sai takarda daga Abuja. Na wahala be dat, wahala ce zalla."

"Amma harsashi ne," na ce.

"Harsashin da ko kaza ba ya kashewa? Wa zai buɗe kwali?"

"Sunan wa zai hau takardar?"

"Naka."

Na tuna rikicin da muka gani a Kaduna shekara huɗu baya, da yadda ake kallon duk wanda aka samu da ko kwanson harsashi. Ni da nake dattijo a coci, a ce na shigo da kwali guda da sunan kayan noma? Na ce ya rubuta gaskiya. Ya rubuta yana girgiza kai. Na fito ina jin kaina mutumin kirki, har na saya wa matata Edith tsire.

Satumba ta wuce, takarda shiru. Dawa ta fid da kai, ta yi ido, kyakkyawa har tana ba ni tsoro. Sau biyar na hau mota zuwa Sabon Gari, kullum Amaechi sai ya buɗe mini tafin hannu, wato babu labari.

Wata ranar Laraba da hantsi jan-baki suka zo ta wajen ƙauyen Bomo. Na ɗauka hadari ne. Ni da Edith muka buga garwa, muka yi ihu har murya ta dushe. Mu kore su gabas, su sauka yamma. Edith ta yage mayafinta muka ɗaure zangarniya bakwai. Sauran kuwa, kafin azahar sai tsinke. Na zauna a kan kunya na yi kuka, ban ji kunyar kowa ba.

Izini ya fito a Janairu. Amaechi da kansa ya kawo kwalin, kowane hatimi daidai, babu abin da za a ce. Ya ajiye shi ya tafi.

Da yamma na je gidan Malam Jafaru. Matarsa Hajiya Kaltume ta shimfiɗa mini tabarma.

"Malam Gregory, ina dawar Malam? Ya ce in ta yi, ni zan fara tuƙa tuwonta."

Na ciro gwangwanin madara daga aljihu na ajiye a gabanta. Irin da zangarniya bakwai ɗin nan suka bayar ne a ciki, bai ma cika ba. Ta leƙa ciki, ta daɗe tana kallo, sannan ta turo mini shi.

"Mayar ka shuka. Amma don Allah, wannan karon ka rage rabi."