Kwallin Inna Raliya

Badamasi na cusa riga a jaka, saura awa uku jirginsa ya tashi, ya waiga kan tebur bai ga kwalbar ba. 'Yar kwalba ce, ba ta kai ɗan yatsa ba, da baƙin gari a ciki. To, ni da ku ne za mu ce gari. Shi wata bakwai ya yi a ɗakin gwaji yana ƙera su: 'yan na'urori ne dubu-dubai, waɗanda ake fatan wata rana a zuba su a jijiyar mutum, a ja su da mayen ƙarfe har inda jini ya daskare, su buɗe hanya. Yau zai kai su Riyad a gwada a gaban manya, kuma ba shi da wasu.

"Hannatu! Kin ga wata kwalba a nan?"

Kafin matarsa ta amsa, sai ga mahaifiyarsa, Inna Raliya, wadda ta zo Umara ta sauka gidansu a unguwar Aƙiƙ. Idonta ya sha baƙi raɗau.

"Kai, kwallin nan naka ya fi wanda na saya a Uhudu laushi."

Bawan Allah mai digiri uku, kun san abin da ya fara fita daga bakinsa?

"Inna, nawa ya rage?"

"Dama ɗan mitsitsi ne. Ido biyu gare ni, na lakace."

"Sannu, Injiniya," in ji Hannatu daga bakin ƙofa. "Kwalbar muke tambaya? Idon fa?"

Kunya ta kama shi har kunne, amma lissafi bai bar kansa ba. Ya ciro mayen ƙarfen da ke manne a ƙofar firji, wani mai siffar bishiyar dabino. In Inna ta kwanta shiru, zai iya jan su zuwa gefen ido ya kwashi ko rabi. Rabi ya isa Riyad.

"Inna, za ki iya minti ashirin ba ki ƙifta ido ba?"

Idon ya fara ja, hawaye na gangarowa baƙi ƙirin. Ta goge da bakin mayafi.

"In dai aikinka ne, Badamasi, ko awa guda zan iya. Ina zan kwanta?"

Ya dubi dabinon robar da ke hannunsa, ya dubi tsohuwar da ke neman wurin kwanciya, ya ce a ransa, kai dai an yi asarar kuɗin makaranta. Ya yar da abin, ya kama hannunta zuwa famfo. Da kansa ya riƙe mata kai yana zuba ruwa, wata bakwai na bin rariya yana kallo.

"Yalla, mu tafi asibiti," in ji Hannatu, makulli a hannu.

Likita ya duba, ya ƙara wankewa, ya ce ba abin da ya taɓa idon. Suna fitowa wayar Badamasi ta yi ƙara. Shugaban sashensu ne, Duktur Zubair, daga filin jirgi.

"Wainak, kana ina, ya Badamasi? Ana shiga jirgi! Ina kayan?"

"An riga an gwada su a jikin mutum, Duktur."

"Yaya sakamako?"

Badamasi ya kalli Inna, tana laluben tandun kwallinta a jaka.

"Mara lafiyar ta warke. Injiniyan ne dai sai a hankali."